Gashin da Na Tsinta a Motar Madam

Mutane kan tambaye ni yadda Saudiyya take, ni kuma sai in rasa abin cewa. Abin da na sani a ƙasar bai wuce kicin ɗaya, matakalar bene ɗaya da cikin mota ɗaya ba. Mai son labarin Ka'aba ya nemi wanda ya gan ta. Ni Saude, 'yar wani ƙauye a gefen Malumfashi, na yi shekara biyu da ɗoriya a can, amma in ka ce in kwatanta maka layin da gidanmu yake, ƙarya zan yi maka. In kuwa ƙarƙashin kujerar direba kake son sani, to gyara zama.

Wata Hajiya a Funtua ce ta yi mini hanya bayan na fita takabar mijina. Ta ce aikin gida ne marar wahala, shekara biyu cif, kuma duk azumi za a kai ni Umra. Na bar 'yata Ummi a hannun Inna, mahaifiyata, lokacin ko makaranta ba a sa ta ba. Niyyata in dawo da abin da zan sayi injin markaɗe in riƙe kaina da yarinyar, kada mu zama kaya a wuyan kowa.

Zangona na farko wani ofis ne kusa da filin jirgi, inda aka jera mu a kan benci, mu 'yan Najeriya da wasu baƙaƙe masu wani yare da wasu farare 'yan firit. Masu gida na shigowa kowa na ɗaukar tasa. Wadda ta zo ɗaukata doguwa ce cikin baƙar abaya, tana ƙamshin da ban taɓa jin irinsa ba. Ta ƙare mini kallo daga sama har ƙasa, ta karɓi fasfona da wayata ta jefa a jaka, ta yi mini alama in biyo ta. Ina shiga bayan mota sanyin esi ya buge ni, barci ya kwashe ni. Har yau ina jin haushin wannan barci, domin ita ce damar da Allah ya ba ni ta ganin gari, na ƙarar da ita a minshari. Da na farka ƙofar gida na rufewa da kanta a bayanmu.

Zango na biyu shi ne gidan, kuma nan na daɗe. Katangarsa ta kai tsawon rumbu biyu in an ɗora wani kan wani. Tsakar gidan duk tayil ne, babu ƙasa ko cikin cokali, furannin bakin ƙofa ma na roba ne, wanke su nake yi. Akwai maigida, wanda na fi sanin takunsa a kan fuskarsa, da matarsa da aka ce in riƙa kira Madam, da 'yan matansu biyu da suka isa aure, sai tsohuwar uwar maigidan da kowa ke kira Jadda, wato kaka. Tsakanina da Allah, Madam ba ta taɓa ɗaga mini hannu ba, kuma ban kwana da yunwa ba. Sai dai a wurinta ni ɗaya ce daga kayan gida, tsakanin firji da injin wanki, kuma ba wanda ke fita yawo da injin wanki. Azumi ya zo, na tuna mata maganar Umra da guntun Larabcin da na tsinta, ta yi dariya ta ce wata shekarar. Suka tafi Umrarsu suka bar ni da tsohuwa.

Shekarar farko akwai direba, wani dattijo ɗan Sudan, shi ke kula da mota. Sai Madam ta koyi tuƙi, maigida ya saya mata sabuwa fil, fara, mai kujerun fata kalar shayi da madara. Aka sallami direba. Ta ce ba za ta kai motarta wurin wanki ƙattin maza su zauna mata a kujera ba, alhali ga Saude tana cin abinci. Haka mota ta shigo cikin aikina, duk Alhamis da hantsi, a rumfar da ake ajiye ta a tsakar gida.

Wajen motar ba wani abu ba ne, ruwa ne da sabulu. Ciki ne aikin. Sai na fara buɗe ƙofofi da but ɗin zuba kaya, in kwashe shara da hannu, in ciro kafet ɗin ƙafa in kakkaɓe in wanke in jingine a rana. Sannan in tura kujerun gaba har ƙarshe in shiga da injin zuƙe ƙura, in dawo da su baya in sake shiga. Ɗinkin kujera da tsohon buroshin haƙori nake bin sa, layi-layi. Ramukan esi da gefen maɓallai sai audugar goge kunne. Ni da na tashi ina cika buhu da auduga a gonar Babanmu, ga ni ina lallaɓa ta a kan tsinke. Bel ɗin kujera sai na jawo shi duka na maƙale, na goge ya bushe kafin in sake shi, in ba haka ba ya yi wari. Rufin ciki kuwa ba a jiƙa shi, tsumma mai ɗan danshi ake dangwala masa. Na koyi wannan ranar da na jiƙa shi ruwan ya zana masa taswira, Madam ta yi mini wankin babban bargo da baki. Daga nan man fata a kujeru, in goge sitiyari da sandar sauya giya, gilashi ya zo ƙarshe da tsumma biyu, jiƙaƙƙe da busasshe. In na gama in kawo kasko in turara ta da turaren wuta, in rufe ƙofofi.

Madam takan fito da farin tishu ta zura yatsa inda ba ka zata ba, ƙarƙashin birkin hannu ko aljihun bayan kujera. In ya fito fari ba ta cewa uffan. In ya fito da ɗigo, sai in sake daga farko. Na tsani tishun nan, amma ban tsani motar ba. Duk aikin gidan shi ne ma wanda nake ɗokin zuwansa, domin motar ce kaɗai ke fita ta dawo mini da labari, da shara na san ƙasar Larabawa. Wata rana in tarar da farin yashi mai laushi da ɓawon katantanwa, in san sun je bakin teku. Wata rana jan yashi da ƙashin rago a but, sun fita daji cin nama ke nan. Ga ƙwallon dabino, ga kofin gahawa na takarda, ga ƙyalƙyalin rigar biki a ɗinkin kujera, wani lokaci kuma warin asibiti.

A cikin motar ake barin ɗan abin da ake dannawa ƙofar gida ta buɗe. Duk mako ina goge shi ina mayarwa. Wata Alhamis mutanen gida na barcin safe, kewa ko shaiɗan, ban san wanne ba, ya sa na danna. Ƙofa ta ja gefe, na leƙa. Titi ne shimfiɗaɗɗe, farar katanga nan, farar katanga can, rana na dukan kwalta. Ba mai talla, ba ɗan acaba, ba akuya, ba ko wanda za ka tambaya hanya. A Funtua in mace ta ɓata, kafin ta sha kwana wani ya tambaye ta 'yar gidan wa ce. Na tsaya da tsumma a hannu, ba fasfo, ba waya, ba takalmin kirki, na gane ko an ce in tafi ban san inda zan dosa ba. Da hannuna na sake dannawa ƙofar ta rufe. Na shiga bayan mota na ja ƙofa na yi kuka mai isata, sannan na goge inda hawayen ya ɗiga don kada ya bar tabo a fata.

Abu ɗaya ne ya gagari injin zuƙe ƙura, shi ne gashi. Madam da 'yan matanta gashinsu har gadon baya, kuma da zarar sun shiga mota mai baƙin gilashi sai su yaye mayafi su hau taje kai. Gashin ya shige kafet, ya nannaɗe a ƙarfen kujera. Dabarar da na samo ita ce in sa safar hannu ta roba, in ɗan jiƙa ta, in riƙa shafa kafet da ƙarfi har ya dunƙule ya fito.

To ga gashi a hannuna, ina zan kai shi? Inna mai kitso ce, a gindinta na girma, kuma ban taɓa ganin ta bar gashin mace ya kwana a tsakar gida ko ya shiga bola ba. In ta gama tsifa da kitso takan tattara abin da ya zube ta dunƙule, ta miƙa wa mai shi, ko ta binne a bayan ɗaki, ko ta cusa a tsagar katanga. Takan ce gashi jikin mutum ne, ba a haɗa shi da ƙayar kifi da dattin gida, kuma in ya faɗa hannun maƙiyi, ko tsuntsu ya yi sheƙa da shi, mai shi ba za ta rabu da ciwon kai ba. Ba ta kuma haɗa na mutum biyu wuri ɗaya. Ni ban taɓa zama na auna ko gaskiya ne ba. Hannuna ne kawai ba ya iya jefa gashi a kwandon shara, kamar yadda ba ya iya miƙa wa babba abu da hagu.

Gidan da babu ƙasa ba a binne komai a cikinsa. Sai na samu wani rami a bangon rumfar mota, bayan tanki, inda bututun ruwa ya shiga. Gashin Madam mai jan lalle ne, na babbar 'yar baƙi ne miƙaƙƙe, ƙaramar ta rina nata ruwan zuma, don haka raba su ba wuya. Kowanne in naɗe shi a ƙyallen tsohon tsumma, in ɗaure da zare don kada iska ta watsa, in cusa a ramin. A raina alheri nake yi musu, ko da ba su san ana yi ba.

Mutum ɗaya ce ta san ina yi. Jadda takan sa in fito mata da kujera bakin rumfa ta sha hantsi tana kallona. A tanti aka haife ta, ta yi kiwon awaki da raƙuma tana yarinya, yanzu ga ta a gidan tayil, ƙafa ta ƙi, jikoki na fama da waya ba mai bi ta kanta. Ita ta koya mini rabin Larabcin da na iya, ni kuma na koya mata sannu da wayyo. Takan ɓoye mini dabino a gefen mayafi, ta tambaye ni ko ana ruwa a ƙasarmu, in yi ta ba ta labarin masara da dawa da waken suya a hanyar Malumfashi har ta lumshe ido. Ni ke taje mata kai ranar Juma'a. Ranar farko da na gama, kafin in motsa ta miƙo hannu ta karɓi furfurar da ta zube, ta dunƙule ta tura cikin wata 'yar jaka a ƙarƙashin matashinta. Muka dubi juna.

Shekara biyu ta cika, na sami Madam a falo na durƙusa na ce wa'adina ya yi. Ta ce sai an samo wata. Na sake magana, ta ce sai bayan bikin babbar 'yarta da aka sa wa rana. Na yi kuka, na yi fushi, na yi yajin cin abinci, ko a jikinta. Fasfona na cikin akwatin ƙarfe a ɗakinta, kuma ni ke goge ƙurar saman akwatin.

Sau ɗaya a wata takan ba ni wayarta in kira gida tana tsaye a kaina. Ummi 'yar fari ce, ba na iya buɗe baki in tambayi lafiyarta kai tsaye, sai in bi ta kan damina da awaki har Inna ta gaji ta ce mutuniyar tawa lafiya lau. A wani kira da na yi tsakiyar damina na ji muryar Inna ta canza. Ciwon yana ya rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma ya yi rauni, har ta bar kitso. Ta ce 'yan'uwan mijina sun zo daga wajen Danja sun zauna da ita.

"Sun ce in an kai amfanin gona gida ba ki dawo ba, za su zo su tahi da ɗiyar nan," in ji Inna. "Ba su yi mini rashin kunya ba, Saude. Sun ce ni da ba ni gani sosai ban iya riƙon yarinya, kuma ban da bakin musu. Ke dai ki taho."

Na san gidan da za a kai ta. Ba mugaye ba ne, amma yara ne birjik a cikinsa, kuma in ta shiga hannun dangin ubanta na san karɓo ta sai an kai ruwa rana. A ranar na roƙi Madam har na kama ƙafarta. Ta janye ƙafar ta ce in je in ɗora shinkafa.

Ana cikin haka abubuwa suka fara lalacewa a gidan. Madam ta kamu da ciwon kai mai sa ta yini a ɗaki mai duhu. Sai kuma dangin wanda zai auri babbar 'yar suka aiko an fasa, ba tare da sun faɗi dalili ba. Gida ya zama kamar an yi rasuwa. A makon nan tankin ruwa ya fara yoyo, aka kira mai gyaran famfo. Ina kicin na ji ihun Madam. Na fito da ludayi a hannu na tarar da mai gyara ya ja da baya yana salati, ga ƙulle-ƙullena tuli guda a zube a kan tayil. Ƙaramar 'yar ta sa tsinke ta kwance ɗaya, gashinta ruwan zuma ya bayyana.

Sai a lokacin na gan su da idon mutanen gidan. Gashin kowa daban, a naɗe a tsumma, a ɗaure da zare, a ɓoye a bango. Ko a ƙauyenmu aka tono irin wannan a gidan wani, ai ba sai an kira malami ya yi bayani ba. Madam na nuna ni tana cewa sihiri na yi musu. Na yi ta rantsuwa, Larabcina ya watse, na koma Hausa ina ba su labarin Inna da kitso. Maigida ya sauko, karo na farko da ya dube ni ido cikin ido, ya ce a kulle ni a sito kafin ya yi shawarar kiran 'yan sanda. Dattijon nan ɗan Sudan ya taɓa faɗa mini abin da ake yi wa wanda aka kama da wannan laifi a ƙasar, kuma ba tara ba ce.

Zango na uku shi ne siton, tsakanin buhunan shinkafa da katan-katan na sabulu. Na ji tsoro, amma haushi ya fi yawa. Ni da ko ƙofar boka ban sani ba, ni da Babanmu ya yi ladanci har ya rasu, yau ni ce matsafiya, a kan na hana gashinsu shiga bola.

Washegari bayan azahar, gidan na barcin rana, na ji ƙarar sanda a kan tayil, tana tsayawa tana ci gaba. Jadda ce, wadda ban taɓa ganin ta yi tafiyar da ta kai haka ba. Ta murɗa mukullin da aka bari a jikin ƙofa, ta zauna a kan buhun shinkafa tana haki. Ta yi magana a hankali yadda zan gane.

"'Yata, na san abin da kika yi. Uwata ma haka take yi, a yashi take binnewa. In na faɗa wa ɗana zai yarda, bai taɓa musa mini ba. Za su ba ki haƙuri, wataƙila su saya miki sabuwar riga, ranar Alhamis ki koma wankin mota." Ta numfasa. "In kuma na yi shiru, ba za su iya ci gaba da kwana gida ɗaya da ke ba. 'Yan sanda ki bar ni da su. Amma za ki fita da sunan da ba naki ba, kuma ba mai wanke miki shi. Ki zaɓa."

Na ce mata duka biyun nake so, a wanke ni kuma a sallame ni. Ta ce ita ma tana son ƙafafunta da awakinta. Na fusata har na ce mata ƙasarsu ba adalci, ta gyaɗa kai ba ta yi musu ba. Sannan na shiga tunanin gona. Lokacin da na yi waya da Inna masara ta fitar da goyo, yanzu kam ta bushe a kara, an kusa karya. Ga sunana a bakin mutanen da ba su taɓa iya faɗarsa daidai ba, ga kuma 'yata. Da na ajiye su gefe da gefe sai na ga ba ma abin zaɓa ba ne. Amma ya yi mini ciwo, kuma har yau yana yi.

"Ki yi shiru, Jadda," na ce.

Ta ɗora hannu a kaina ta daɗe. Ta ce daga yau kuma ba ta san wa zai taje mata kai ba. Nan na fashe da kuka, don sai lokacin na ga abin da ita za ta rasa. Ni za a kore ni gida, ita kuwa ba inda za a kore ta ta tafi.

Da la'asar aka fito da ni falo. Maigida ya ce in faɗi gaskiya ko na yi. Jiya ina ihun rantsuwa, yau na sunkuyar da kai na kafe ido a ƙasa. Ban ce na yi ba, Allah ya sani bakina ba zai iya furta wannan ba, amma ban ce ban yi ba. Madam ta ja 'ya'yanta baya. Da maigida ya ɗauko waya zai kira 'yan sanda sai Jadda ta buga sanda a ƙasa. Ta ce in aka kai ni hannun hukuma magana za ta fita, kuma ba wanda zai sake neman auren 'yan matan gidan da aka ce an yi musu asiri. Ta ce a ƙona ƙulle-ƙullen, a tsallakar da ni teku, a rufe maganar. Na lura ba ta yi ƙarya ko ɗaya ba. Abin da na yi wata da watanni ina roƙo a durƙushe, tsoro ya fito da shi kafin magariba. Madam ta ɗauko fasfona ta ajiye a ƙasa, ta turo mini shi da ƙafa.

Ba su yarda na shiga motar ba, tasi aka kira. Maigida ya zauna gaba, ni kuma ban ɗaga kai ba duk hanyar, ina tsoron kada ya sake shawara. Ya kai ni inda ake tara baƙin da za a mayar ƙasarsu, ya ce musu guduwa na yi aka kamo ni, don ya huta da kuɗin jirgi da sauran haƙƙina. Na bar shi da Allah. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ban samu na yi sallama da Jadda ba, an riga an mayar da ita sama.

Zango na huɗu wani ƙaton ɗaki ne cike da mata, kowa da labarinta, wasu har da goyo. Nan na ga wata 'yar Musawa tana faɗa da wata a kan bokiti, da Hausarmu tana zazzaga masifa, na rungume ta kafin in san sunanta. Ita ta raba bargonta da ni. Na yi makonni ina bin gona a kaina, yanzu an karya masara, yanzu an tuge waken suya, yanzu an shiga yankan dawa. Ranar da za a fitar da mu aka ɗauki hoton yatsunmu, wani ma'aikaci ya ce duk wadda aka ɗauki yatsunta a nan ba za a sake barinta ta shigo aiki ƙasar ba. Mata suka hau kuka, wasu na zagi. Ni kuwa na miƙa musu yatsuna.

Jirgi ya sauke mu a Abuja, muka biyo ta Zariya zuwa Funtua. Motar hayar da na shiga a tashar Funtua ɓawon rake da na gyaɗa ne har idon sawu, ga kaza a ƙarƙashin kujera, ga gilashi da ba ya tashi. Na shaƙi wannan wari kamar in sa shi a kwalba. Amma da muka kama hanyar Malumfashi murnata ta koma ciki. Gonaki sun yi fayau, an tattara kara, ga buhuna a bakin titi ana jiran mota. Amfanin gona ya riga ya shiga gida.

Na isa ƙauye da la'asar a bayan mashin, da leda ɗaya a hannu, ba injin markaɗe, ba tsaraba. Inna na zaune a ƙofar ɗaki, da sallamata ta gane ni. A jikin ƙyaure ga ƙunshin kayan yarinya an ɗaure a zane, da takalmin makaranta a sama, ranar kasuwa mai zuwa za a zo ɗaukarta. Ummi ta fito daga bayan ɗaki da bokiti. Ta yi tsawo, haƙoran gabanta sun faɗi sun sake fitowa ban gani ba. Ta durƙusa ta gaishe ni kamar baƙuwa, ta koma jikin Inna ta tsaya tana kallon ledar hannuna. Ta saba ganin matan ƙauyenmu masu zuwa can, su zo da akwatuna su yi wata guda su koma.

"Yaushe za ki koma?" ta ce.

"Ba zan koma ba."

"Haka Maman su Hauwa ta ce, kuma ta koma."

Na ajiye ledar na durƙusa na nuna mata yatsuna. Na ce mata mutanen ƙasar sun ɗauki hoton waɗannan, duka goma, sun rubuta cewa ko na zo bakin ƙofarsu ina kuka kada a buɗe mini. Ta kama hannun ta duba yatsun ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta saki, ta wuce jikin ƙyaure ta hau kwance ƙunshin kayanta.